Daga Milan Zuwa Tudun Maliki: Makaranta da Makomar Maganar Hannu

A shekarar 1779 wani kurma mai sana'ar ɗaurin littattafai a birnin Paris, Pierre Desloges, ya wallafa ɗan littafi yana mayar da martani ga wani limamin coci da ya kushe koyar da kurame da hannu. Ciwon agana ne ya kurmantar da Desloges yana ɗan shekara bakwai, kuma bai koyi harshen hannu ba sai da ya kai shekara 27, a wajen wani kurma Ba'italiye, baran gida wanda bai iya karatu ko rubutu ba. Abin da ke mayar da masana tarihi ga wannan littafi shi ne shaidar da marubucin ya bayar, cewa kuramen Paris da ba su taɓa taka makaranta ba suna da harshensu cikakke, da shi suke ba juna labarin abin da ke faruwa a birni, da shi suke gardama da wasa. A lokacin, makarantar Charles-Michel de l'Épée, wanda Turawa ke kira uban ilimin kurame, ba ta wuce shekara ashirin da buɗewa ba. De l'Épée bai ƙirƙiro harshen ba. Tarar da shi ya yi a hannun yaran da ya tara, ya koya daga gare su, sannan ya ɗora masa wasu alamomi na ƙirarsa domin jerin hannun ya bi nahawun Faransanci.

Wannan maƙala tana tsaye ne a kan abin da labarin Desloges ya nuna. Harshen hannu yana tsirowa duk inda kurame suka sami damar haɗuwa, ko da malami ko babu. Amma tun daga ƙarni na 18, makaranta ce ke yanke hukuncin wane harshe zai yaɗu, wane ne kuma zai mutu tare da tsofaffinsa. Ina ganin ƙasar Hausa tana tsakiyar irin wannan hukunci yanzu, kuma ana yanke shi ba tare da an zauna an tattauna ba.

Ƙarfin makaranta wajen yaɗa harshe ya fito fili a Amurka. A 1816 Thomas Gallaudet ya komo daga Faransa tare da wani malami kurma, Laurent Clerc, suka buɗe makaranta a garin Hartford a 1817. Harshen da Clerc ya zo da shi daga Paris ya gauraya da alamomin da yara suka kawo daga garuruwansu, abin da ya fito shi ne harshen hannu na Amurka, wanda ake taƙaita sunansa da ASL. Shi ya sa har gobe kurman Amurka ya fi kusa da na Faransa a harshe fiye da na Ingila, alhali Amurka da Ingila Turanci ɗaya suke yi. Wannan kaɗai ya isa ya rushe zaton da mutane da yawa ke yi, cewa harshen hannu maganar baka ce aka mayar hannu, ko kuma cewa iri ɗaya ne a duk duniya. Zuriyarsa daban take, tana bin sawun malamai da ɗalibai ne.

Sai kuma ƙarfin makaranta wajen danne harshe. A watan Satumba na 1880 malaman kurame suka yi babban taro a birnin Milan na Italiya. Wakilai 164 ne, yawancinsu Italiyawa da Faransawa, kusan dukkansu masu ji. Da ƙuri'a 160 a kan 4 suka zartar cewa koyar da kurma furuci da karanta leɓe ya fi koyar da shi da hannu, suka kuma ƙara da cewa haɗa hannu da baki yana ɓata furucin. Abin da ya biyo baya sananne ne. An fitar da harshen hannu daga azuzuwa a yawancin Turai, malamai kurame suka rasa aikinsu tunda ba za su iya gyara wa yaro furuci ba, yara suka shafe shekarun ƙuruciyarsu a gaban madubi suna kwaikwayon sautin da ba sa ji, wanda aka kama yana motsa hannu kuwa a hukunta shi. Shekara 99 bayan taron, a 1979, masanin halayyar ɗan Adam Reuben Conrad ya wallafa bincikensa a kan kurame masu kammala makaranta a Ingila, ya tarar matsakaicinsu yana karatu ne daidai da yaro mai ji ɗan kimanin shekara tara. Harshen kuwa bai mutu ba. Ya koma ɗakunan kwana da filin wasa da kulob-kulob na manya, yara na koya wa yara a ɓoye. William Stokoe na kwalejin kurame ta Gallaudet da ke Amurka ya nuna a 1960 cewa kowace alama tana rarrabuwa zuwa siffar hannu da wurin da aka yi ta da motsinta, kamar yadda kalma ke rarrabuwa zuwa sautuka, a 1965 kuma ya fitar da ƙamus tare da abokan aikinsa kurame biyu, Dorothy Casterline da Carl Croneberg. Sai a 2010, a birnin Vancouver, taron malaman kurame na duniya ya fito fili ya yi watsi da hukuncin Milan.

Wannan shi ne labarin da aka fi bayarwa, kuma yana da daɗin bayarwa, domin mai laifi a bayyane yake. Matsalarsa a wajenmu ita ce yana sa mutum ya ɗauka cewa muddin ana amfani da hannu a aji, to an tsira. Akwai wata hanyar da harshen hannu ke mutuwa, wadda babu mugu a cikinta, kuma ita ce ta fi kama da halin da muke ciki.

A tsibirin Martha's Vineyard da ke gabashin Amurka, kurumta ta gado ta yi yawa a ƙarni na 19, har a garin Chilmark aka kai mutum ɗaya cikin 25 kurma ne. Kowa a garin ya iya harshen hannun wurin, mai ji da kurma, ana ciniki da shi, ana hira da shi a bakin shago, masunta na yin sa daga kwalekwale zuwa kwalekwale. Da Nora Ellen Groce ta yi hira da tsofaffin tsibirin domin littafinta na 1985, ta tarar sukan yi ta ba da labarin mutum, sana'arsa da halinsa, sai an tambaye su sannan su tuna ashe kurma ne. Babu wanda ya haramta wannan harshe. Yaran tsibirin sun tafi makarantar Hartford, suka dawo da harshen makaranta, suka auri 'yan wasu garuruwa, kurumtar gadon ta ragu, a 1952 kurma ta ƙarshe daga cikin waɗancan zuriyoyi ta rasu. Irin wannan na faruwa a idonmu a ƙauyen Adamorobe da ke kusa da Aburi a kudancin Ghana, inda Victoria Nyst da Annelies Kusters suka yi bincike. Ƙauyen na da harshen hannunsa da ya daɗe, masu ji da yawa sun iya shi. A 1975 sarkin garin ya hana kurma auren kurma da nufin rage haihuwar kurame. Yaran da aka haifa kuwa suna zuwa makarantar kwana a Mampong, inda ake amfani da harshen hannu na Ghana, da shi suke magana a tsakaninsu idan sun dawo hutu. Na ƙauyen ya koma na iyaye da kakanni.

Shi kansa harshen hannu na Ghana jikan na Amurka ne, kuma mutum ɗaya ne ya kawo shi. An haifi Andrew Foster a jihar Alabama a 1925, sanƙarau ya kurmantar da shi yana ɗan shekara 11. A 1954 ya zama baƙar fata na farko da ya sami digiri a kwalejin Gallaudet. Ya kafa ƙungiyar mishan ta kurame a 1956, ya sauka Ghana a 1957 ya buɗe makaranta a Accra, a 1960 ya buɗe wata a Ibadan, Kaduna da Inugu suka biyo baya. Kafin ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda cikin Disamba 1987, ya kafa makarantu fiye da 30 a ƙasashe 13 na Afirka. Ya zo ne a lokacin da hukuncin Milan ke aiki a duniya, ya ƙi shi, ya koyar da hannu, ya horar da kurame suka zama malamai, ya tura wasu Gallaudet. Duk wanda zai yi magana a kan illar abin da ya biyo baya dole ya fara da wannan, domin kafinsa kuramen da suka taɓa shiga aji a Afirka ta Yamma ba su taka kara sun karya ba. Amma harshen da ya zo da shi na Amurka ne, a jere bisa tsarin Turanci. A ƙasashen da Faransa ta raina, irin su Nijar da Chadi da Kamaru, alamomin dai na Amurkan ne, sai aka jera su bisa Faransanci. Abin da ake kira harshen hannu na Nijeriya a makarantu da talabijin a yau daga wannan tushe ya fito, ko da yake kuramen Nijeriya sun cusa masa alamominsu da yawa.

Foster bai sauka a kango ba, musamman a Arewa. Kuramen ƙasar Hausa suna da abin da su da maƙwabtansu ke kira maganar hannu, wasu su ce maganar bebaye. Constanze Schmaling, Bajamushiya masaniyar harshe, ta zauna da kuramen Kano a shekarun 1990, a 2000 ta wallafa littafin da ya fayyace tsarin wannan harshe. Ta nuna harshe ne mai cin gashin kansa, jerin alamominsa ba ya bin jerin kalmomin Hausa sau da ƙafa, kuma ba a aji ake koyonsa ba, a majalisar kurame ake koyonsa, da kasuwa, da wajen sana'a, babba na miƙa wa yaro. Kurame a Kano suna da shugabansu, Sarkin Bebaye, kamar yadda makafi ke da nasu, wanda hakan ke nuna tun da daɗewa masarauta ta san su a matsayin jama'a mai tsari.

Abin da ya bambanta maganar hannu da harshen makaranta, a ganina, shi ne yawan masu ji da ke iya taɓa ta. Dalilan haka ba ɓoyayyu ba ne. Bahaushe dama mai magana da jiki ne: yaro ya maƙe kafaɗa an san ya ƙi, a ɗaga dunƙulallen hannu an yi jinjina, a riƙe haɓa an yi mamaki, a ware yatsu biyar a fuskar mutum an zage shi, a tafa hannu a buɗe su an ce ba ruwana. Maganar hannu ta ɗebi irin wannan gado ta yi gini a kansa, shi ya sa mai shayi ko mahauci ko kwandasta ke iya ciniki da kurma, har a yi ragi a yi ba'a. Sannan da yawa daga cikin kuramenmu ba da kurumta aka haife su ba. Yankinmu na cikin zirin sanƙarau na Afirka, a annobar 1996 kaɗai mutum fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, kurumta kuwa na cikin abin da ciwon ya fi barin waɗanda suka tashi da shi. Ga kuma ƙyanda. Yaron da ya kurumce bayan ya fara magana yana shigowa cikin kurame da Hausarsa, 'yan gidansu kuma sukan lallaɓa su ci gaba da magana da shi ta hanyar da ta samu. A ɓangaren shari'a ma malaman fiƙihu sun daɗe da karɓar isharar bebe, idan ana fahimtarta, a matsayin furuci wajen aure da saki da ciniki. Ba na cewa kurma ya zauna cikin gata a ƙasar Hausa. Tsokanar yara tana nan, raini yana nan, ana tura wasu bara, ana yi wa wasu aure ba a ji ta bakinsu ba, kuma iyawar mai ji sau da yawa ba ta wuce ta ciniki da gaisuwa. Amma katangar da ke tsakanin kurma da mai ji ba ta kai tsawon wadda Milan ta gina a Turai ba.

A 1977 aka buɗe makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki a Kano. A shekarar ce kuma aka kafa kwalejin horar da malaman ilimi na musamman ta tarayya a garin Oyo, kuma a shekarar ce Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankin da yake zaune. Babu wanda ya tsaya ya tambayi mene ne harshen yankin yaro kurma ɗan Kano. Malaman da aka horar sun koyi alamomin Amurka ne da haruffan yatsu, littattafan da ke hannunsu na can ne, jarrabawar da ke gaban ɗalibai da Turanci take. Ta wannan ƙofa alamomin Amurka suka shigo birni, tare da martabar boko a bayansu. Schmaling ta lura da haka da wuri, har ta yi wata maƙala a 2001 tana tambayar ko maganar hannu za ta rayu. Daga 2011 ta shiga fitar da ƙananan littattafan ƙamus na harshen da bayani cikin Hausa, tare da abokan aiki daga cikin kuramen Kano.

Asarar da ake yi tana da fuska biyu, kuma ta biyun ta fi damuna. Ta farko ita ce ta masana, wato ɓacewar harshen da bai fito daga zuriyar Paris ba, wanda zai iya nuna wa masu nazari abin da harsunan hannu suka yi tarayya a kai da abin da gadon makaranta ne kawai. Ta biyu ita ce ta cikin gida. A ƙasashen da aka yi ƙidaya, fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne. Yaro ɗan shekara bakwai ya bar gida yana da 'yan alamomin da shi da mahaifiyarsa da ƙannensa suka saba da su, waɗanda suka yi kusa da maganar hannun gari. A makarantar kwana ya tarar da wani harshe, ya kuma gane daga fuskar manyan ɗalibai cewa wanda ya zo da shi na ƙauyawa ne, na waɗanda ba su yi karatu ba. Bayan shekara shida ya dawo da harshen da zai yi hira da kurman Ikko da shi, har da na Accra da ɗan ƙoƙari, amma mahaifiyarsa ba ta san alama ɗaya a cikinsa ba, ba ta kuma iya Turancin da haruffan yatsun ke rubutawa ba. A nan makaranta ta rage yawan mutanen da yaron zai iya magana da su a unguwarsu. Haka kuma tafintan da ake sakawa a kusurwar talabijin lokacin jawabin gwamna ko sanarwar rigakafi, kurman da ya yi boko yake yi wa aiki. Wanda bai yi ba, wanda kuma shi ne ya fi yawa a karkara, kallo kawai yake yi.

Akwai hujjoji masu nauyi a ɗaya ɓangaren. Kuramen da suka yi karatu, waɗanda su ne ke jagorantar ƙungiyoyi, da yawansu na ganin harshen makaranta shi ne nasu. Da shi suka sami abokai da mata da aiki, da shi suke taron ƙasa, da shi suke kiran bidiyo a WhatsApp da kurman da ba su taɓa haɗuwa da shi ba. Ƙasa mai harsunan baka fiye da 500 tana da ribar gaske idan kuramenta na da harshe ɗaya da za su tunkari gwamnati da shi. Uganda ta ambaci harshen hannu a tsarin mulkinta na 1995, Afirka ta Kudu ta mayar da nata harshen hukuma na 12 a 2023, kuma a ƙasashen biyu, harshe ɗaya ƙungiyar kurame ta tsayar ta yi fafutuka a kansa. Sannan mai ji da ya zo yana ce wa kurma ya koma harshen kakanninsa ya kamata ya yi hattara, domin waɗanda suka taru a Milan ma masu ji ne da suka tabbata sun san abin da ya fi dacewa da kurame. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai dai hujjar haɗin kan ƙasa ba ta kai inda ake son kai ta ba. Ba a ce wa Bahaushe mai ji ya bar Hausa domin Turanci ne ke haɗa shi da Bayarabe ba, riƙe biyun yake yi, kuma kurame sun fi kowa iya riƙe harsuna biyu na hannu, suna sauyawa gwargwadon wanda ke gabansu. Abin da ke kashe ƙaramin harshe shi ne kunyar da ake cusa wa yara game da shi, da yankewar hanyar da yake bi daga manya zuwa ƙanana. Batun cewa maganar hannu ba ta da alamomin kimiyya da lissafi ma ba hujja ba ce mai ɗorewa. A Nikaraguwa, yaran da aka tara a makarantun birnin Managua daga 1977 ana koya musu karanta leɓe sun ƙera sabon harshe a filin wasa da cikin motar makaranta, ƙannensu da suka biyo baya suka ƙara masa nahawu, duk cikin shekaru kaɗan. Harshen da ya riga ya yi zamani da zamani a Kano ba zai gaza ƙirƙirar alamar kwamfuta ba. Hujjar mai ɗaki kuwa tana yanka ta ko'ina, domin tsohon kurman da ke ɗinki a kasuwa, wanda bai san harafin yatsa ko ɗaya ba, shi ma mai ɗakin ne, kuma ba a gayyatarsa taron da ake yi a otal.

Abin da nake ganin ya dace bai wuce abin da manufar 1977 ta tanadar wa yara masu ji ba. Shekarun farko na makarantar kurame a ƙasar Hausa su kasance cikin maganar hannu, a shigo da harshen hannu na ƙasa a matsayin darasi, ya riƙa ƙaruwa har ya zama na koyarwa a manyan azuzuwa. A koya wa yaron karanta Hausa da rubuta ta kafin Turanci ko tare da shi, tunda ita ce 'yan gidansu za su iya rubuta masa a takarda ko a saƙon waya. A buɗe wa iyaye ajin mako-mako a harshen da dama sun san bakinsa. A horar da tafintoci na asibiti da kotu a harsunan biyu. Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairu 2019, da hukumar da aka kafa a ƙarƙashinta a 2020, sun samar da inuwar da jihohi za su iya yin wannan a ciki, tunda ilimin firamare a hannunsu yake.

Inda gizo ke saƙar shi ne malamai. Waɗanda suka fi ƙwarewa a maganar hannu manyan kurame ne, maza a kasuwanni da mata a cikin gidaje, kuma kusan babu mai takardar NCE a cikinsu, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar da ake ɗaukar malami da ita a Nijeriya. Masu takardar kuwa harshen makaranta suka koyo a Oyo da Ibadan da Jos. Muddin ma'aikatun ilimi na jihohi ba su ƙirƙiri wani matsayi na mai koyar da harshe ba, mai albashi, wanda ƙungiyar kuramen gari za ta tantance maimakon takarda, to maganar hannu ba za ta shiga aji ba ko da an rubuta ta a manhaja. Hukumomin ilimin firamare sun taɓa yin makamancin haka da suka ɗauki alarammomi a shirin haɗa tsangaya da boko, don haka tsarin biyan malami bisa ƙwarewar da jama'arsa ta shaida ba baƙo ba ne a ofisoshin nan.